TSOHON BABUR DA ZUBAR MAI: YADDA AKE DAIDAITA FULOT NA KAFIRETA

Akwai kuka iri biyu da makanikai suka fi ji daga bakin masu tsofaffin babura a ko'ina cikin ƙasar nan, daga Ikko har Maiduguri. Na farko shi ne, "Malam, babur ɗin nan yana shan mai fiye da kima." Na biyu kuwa, "In na ajiye shi da dare, da safe sai in tarar mai ya ɗiga a ƙasa." Sau da yawa waɗannan cututtuka biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, watau wani ɗan ƙaramin abu da ke cikin kafireta wanda makanikai ke kira fulot. Girmansa bai wuce na ƙwai ba, amma in ya kauce daga inda ya kamata ya tsaya, ko da da milimita biyu ne, to, aljihun mai babur ne zai ji a jikinsa, wani lokaci ma har da injin ɗin kansa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Da, ba a damu da wannan al'amari sosai ba. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa sun ruga kantuna sun sayi babura, irin su Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. A cikin shekarar nan ce kuma kamfanin Honda ya fito da CG125, babur ɗin da aka ƙera musamman domin ƙasashe masu ƙura da munanan hanyoyi, kana a 1979 ya kafa kamfaninsa na Nijeriya mai harhaɗa babura a Ota, cikin Jihar Ogun. A 1982 ana sayar da litar fetur kwabo 20 ne. Wanda babur ɗinsa ke zubar da rabin lita a wancan zamani, kwabo 10 ya yi hasara.

Amma tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lissafi ya sake. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500 a yawancin jihohi, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Ga shi kuma har yanzu dubban manoma da 'yan kasuwar ƙauye da 'yan acaɓa da kafireta suke tafiya, ko dai a tsofaffin baburan Japan da suka gada, ko kuwa a na Sin da Indiya da suka biyo baya. Saboda haka ya kamata kowane mai babur ya san aikin wannan ɗan abu, ko da ba shi zai gyara da hannunsa ba.

MENE NE AIKIN FULOT?

Injin babur ba ya ƙona fetur zalla. Sai an gauraya shi da iska, kuma gwargwadon da masana suka tabbatar shi ne, in ana son mai ya ƙone ƙurmus, to, kowane giram 1 na fetur yana bukatar giram 14.7 na iska. Aikin kafireta ke nan, ta haɗa waɗannan biyu daidai wa daida. Iskar da fistin ke zuƙowa takan bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci a tsakiyar kafireta. Da ta iso wurin sai gudunta ya ƙaru, ƙarfin danninta ya ragu, wannan ne ke sa ta tsotso mai daga ƙasa ta cikin wasu 'yan ƙananan kafofi da ake kira jet. Wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ne ya yi bayanin wannan hali na matsattsiyar hanya a 1797, shi ya sa har yau ake kiran maƙogwaron da sunansa. Kafireta mai fesa mai da kofi da fulot kuwa, tun 1893 injiniyan nan na Jamus, Wilhelm Maybach, ya yi amfani da irinta.

To, a ƙarƙashin maƙogwaron akwai ɗan kofi inda mai ke taruwa bayan ya gangaro daga tanki. A cikin kofin nan fulot yake shawagi. Wanda ya san ƙwallon da ake sa wa tankin ruwa na gida domin ya tsai da famfo in tanki ya cika, ya riga ya san fulot. In mai ya ragu a kofi, fulot ya yi ƙasa, allurar da ke jingine da shi ta buɗe hanya, mai ya shigo. In mai ya kai iyakarsa, fulot ya taso, ya tura allura cikin mazauninta, hanya ta rufe. Haka yake yi ba hutawa muddin babur yana tafiya.

Me ya sa iyakar nan take da muhimmanci? A dubi butar shayi. Ruwan da ke cikin hancinta daidai yake da na cikin cikinta. In buta ta cika taf, da ka ɗan karkata ta sai ruwa ya zubo. In kuwa ruwan ya yi ƙasa, sai ka karkata ta ƙwarai kafin ka sami ko ɗigo. Haka mai yake a cikin kafofin jet. In ya taso sama da yawa, iska kaɗan ta isa ta kwaso shi fiye da bukata. In ya yi ƙasa, iska za ta yi ta ja amma abin da take samu bai isa ba. Watau ke nan duk wani jet da allurar totur da sukurun silo, an auna su ne a masana'anta bisa zaton cewa mai yana tsaye a wannan iyaka. Wanda ya shiga juya sukurori alhali fulot bai daidaita ba, yana gini ne a kan yashi.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

In mai ya yi yawa a kofi, babur zai riƙa fitar da baƙin hayaƙi ta salansa, ga warin fetur, ga yawan shan mai. In aka kwance fulogi za a ga bakinsa ya yi baƙi ƙirin da toka mai laushi, wani lokaci ma a jiƙe. Babur yakan tashi da sauƙi da sanyin safiya ba tare da an ja cok ba, amma in ya yi zafi aka kashe shi, sai an sha wahalar kik kafin ya sake tashi. In abin ya tsananta sai mai ya riƙa zuba ta ɗan tiyon da ke ƙarƙashin kafireta.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. A babur mai ɗakin baƙin mai, irin CG125 ko C70 ko CD175, rarar fetur takan wanke man da ke jikin silinda, ta zurara ta gefen ringi ta gauraye da baƙin mai, ta tsinka shi. Daga nan sai ƙarafa su shiga cin juna. Duk wanda ya ciro sandar awon baƙin mai ya ji tana warin fetur, ko ya ga man ya ƙaru alhali bai ƙara ba, to, ya binciki kafiretarsa ba da ɓata lokaci ba, ya kuma juye man nan. Bayan wannan ga haɗarin gobara, musamman ga masu shigar da babur zaure ko ɗaki kusa da murhu ko fitila.

In kuwa mai ya yi kaɗan, babur yakan yi wuyar tashi da safe sai da cok. In aka murɗa totur sai ya yi kamar zai shaƙe kafin ya amsa. A kan doguwar hanya ko hawan tudu sai ya riƙa yankewa kamar mai ya ƙare, in aka sassauta ya dawo. Injin yakan yi zafi fiye da yadda aka saba, bakin fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. Wannan ya fi na farko haɗari, domin zafin na iya huda kan fistin ko ya ƙone bawul. Ga masu babura masu shan man hayaƙi, irin Suzuki A100 da Yamaha YB100, zafin nan shi ke sa fistin ya kame a cikin silinda ana tsakiyar gudu. Tsohuwar Vespa da ake zuba mata man hayaƙi a cikin tankin fetur kuwa, in fetur ya ragu to man da ke shafe injin ma ya ragu tare da shi.

KAFIN A ZARGI FULOT

Ba kowace zubar mai ce ke nufin fulot ya kauce ba, kuma babban kuskuren da ake yi shi ne a tafi kai tsaye a lanƙwasa shi. Akwai abubuwa huɗu da ya wajaba a duba tukuna.

Na ɗaya, datti. Tsohon tanki yakan yi tsatsa daga ciki, man da ake saya a galan a bakin hanya kuma sau da yawa yana zuwa da ƙura ko ruwa. Ƙwayar tsatsa guda in ta maƙale tsakanin allura da mazauninta, ta isa ta hana hanya rufuwa. Shi ya sa in aka ƙwanƙwasa kofi da ƙotar sukuddireba zubar takan tsaya na ɗan lokaci. Maganin wannan shi ne a wanke tanki da famfon mai, a kuma sa 'yar matata a jikin tiyo.

Na biyu, allurar kanta. A riƙe ta a hasken rana a dubi tsininta. In an ga wani zobe ya ci jikinta, ko robar bakinta ta taurare ko ta kumbura, to, ta gama aiki, sai sabuwa. Gurɓataccen mai yana saurin lalata wannan roba, kamar irin fetur ɗin nan mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairu na 2022. A kuma danna ɗan tsinken da ke gindin allurar, a tabbata yana shiga yana dawowa da kansa.

Na uku, fulot da ya huje. Tsofaffin babura da yawa fulot ɗinsu na tagulla ne da aka liƙe da dalma. A girgiza shi kusa da kunne, in an ji motsin ruwa, mai ya shiga ciki, ya yi nauyi, ba zai ƙara tasowa yadda ya kamata ba. Wata hanyar ita ce a sauke ruwan zafi daga wuta, a nutsa fulot a ciki, in akwai huji za a ga kumfa na fita. Waɗansu kan sake liƙe shi da dalma, amma dalmar na ƙara masa nauyi, kuma kusantar da wuta ga abin da fetur ke ciki wasa da rai ne. Sauyawa ta fi.

Na huɗu, matatar iska. A lokacin hunturu ƙura kan toshe ta cikin 'yan makonni, babur ya riƙa baƙin hayaƙi kamar mai ciwon fulot, alhali numfashi ne ya gagare shi.

YADDA AKE AUNAWA

In duk waɗannan suna lafiya, sai a zo ga awo. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da masu shan taba, bayan injin ya huce. A rufe famfon mai, a kwance sukurun da ke gindin kofi a tsiyaye man a cikin gwangwani, sa'an nan a cire kafireta. A shimfiɗa tsumma mai tsabta, domin ƙananan kayan nan in suka faɗa cikin yashi samunsu sai an sha wuya. A kwance sukurorin kofi da sukuddireba da ya yi daidai da kansu, don ƙarfensu mai taushi ne.

Kowace kafireta da nata awon, kuma littafin gyara na kamfanin ne ke faɗinsa. Alal misali, Honda CB750 mai silinda huɗu da ta fito a 1969, awon fulot ɗinta milimita 26 ne, alhali ƙananan Honda C70 na shekarun 1980 nasu milimita 10.7 ne. Dubi tazarar da ke tsakani. Saboda haka kada wani ya ce maka awo ɗaya ne ke yi wa kowane babur. A jikin kafireta akwai suna da lamba, yawancin na Honda Keihin ne, na Suzuki da Yamaha kuwa galibi Mikuni. Da wannan lamba ake neman awon, domin a babur mai shekara 40 ba lalle ne kafiretar da ke jikinsa ta zama ita ce ta asali ba.

Awon kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin leɓen kafireta, inda kofi ke zama, da ƙarshen bayan fulot. Yawancin littattafai sun ce a cire fakin kafin a auna, sai fa in littafin ya faɗi akasin haka. To, a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. In aka kifa kafireta gaba ɗaya, nauyin fulot zai danne ɗan tsinken nan mai sifirin da ke gindin allura, awo ya fito ƙarya. Abin da ake yi shi ne a riƙe kafireta a kaikaice, maƙalar fulot tana sama, fulot yana reto. Sa'an nan a riƙa karkatar da ita sannu a hankali har allura ta zauna, ɗan harshen ƙarfen da ke jikin fulot ya taɓa tsinken kawai ba tare da ya danna shi ba. A daidai wannan wuri ake ɗora rula mai alamun milimita. Wanda ke son sauƙi yana iya yanka kwali mai kauri kamar ƙofa, tsawon ƙofar daidai da awon da ake nema, ya kifa shi a bisa leɓen. In fulot mai tulu biyu ne, a auna kowanne, domin wani lokaci ɗaya kan fi ɗaya tsawo saboda murɗewa.

LANƘWASA HARSHE

In awo bai yi daidai ba, sai a zare ɗan sandan da ke riƙe da fulot. A tura shi a hankali, kada a doke shi da guduma, gama ginshiƙan da yake ciki suna saurin karyewa, in kuwa suka karye kafireta ta tashi aiki. A ciro fulot, a lanƙwasa ɗan harshen nan shi kaɗai da ƙaramin sukuddireba. Kada a taɓa hannuwan tulun, kada kuma a yi lanƙwasar fulot yana jikin kafireta, domin ƙarfin zai sauka a kan bakin allura ya lalata ta.

A nan sai a natsu, don lissafin a juye yake. Tun da kafireta a kife ake aunawa, in lambar awo ta ƙaru, to, mai zai yi ƙasa a kofi. In lambar ta ragu, mai zai taso. Watau babur mai zubar da mai da baƙin hayaƙi, lambarsa ta yi kaɗan, sai a tura harshe wajen allura domin ta riƙa rufewa da wuri. Mai yankewa a kan gudu kuwa lambarsa ta yi yawa, sai a janye harshe daga allura. Har ila yau a tuna harshen yana dab da maƙala, tulun kuwa yana nesa, saboda haka lanƙwasar da ido bai cika gani ba tana iya matsar da tulu milimita biyu ko uku. A lanƙwasa kaɗan, a mayar, a auna, a sake, har a dace. Kuskuren da kamfanoni ke yafewa bai cika wuce milimita 1 ba. Babur mai kafireta biyu ko huɗu, dole ne dukkansu su zo daidai da juna.

Wani abin lura shi ne, ba kowane fulot ake lanƙwasawa ba. Na roba zalla, irin wanda ke cikin ƙananan Honda na baya-baya da Vespa da wasu baburan Sin, ba shi da harshen ƙarfe. In awonsa ya kauce, alama ce allura ko fulot ya gaji, sai a sauya. Masu gasa shi da wuta don ya lanƙwasu ɓata shi suke yi.

GWAJI NA ƘARSHE

Kafin a rufe kofi, a sa tiyo mai tsabta a bakin shigar mai a hura. In kafireta na tsaye iska ta wuce, in aka kifa ta kuma ta tsaya cik, to, allura tana rufewa. Bayan an ɗaura, in kofin yana da ɗan hancin tsiyaye mai, akwai gwajin da ya fi kowanne gaskiya. A kafe babur a miƙe bisa ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai lebur. A sa tiyo mai haske, wanda ake ganin cikinsa, a hancin nan, a lanƙwaso shi sama ya jingina da gefen kafireta. A buɗe famfo, a sassauta sukurun tsiyaya. Mai zai hau cikin tiyo ya tsaya daidai inda na cikin kofi yake, kamar dai hancin butar da muka ambata. A yawancin kafiretoci yakan tsaya 'yan milimita ƙasa da mahaɗar kofi. In ya wuce mahaɗar, ko ya ci gaba da hawa, da sauran aiki. Wanda bai sami littafi ba yana iya yin wannan gwaji a jikin wani babur irin nasa mai lafiya, ya kwatanta. Daga nan sai a daidaita silo, a yi tafiyar kilomita 10 ko 15, a sake duba launin fulogi.

Akwai ɗabi'u biyu da ya kamata a bari. Ta farko ita ce toshe tiyon zubar mai da ƙusa ko tsinke don a daina ganin ɗigo. Man bai daina zuwa ba, hanya kawai ya sake, ya nufi cikin silinda. In ya taru a kan fistin aka buga kik, yana iya lanƙwasa sandar fistin, tun da ruwa ba ya matsuwa. Ta biyu ita ce sauke fulot da gangan wai don a rage shan mai. Abin da aka tara a gidan mai, ninkinsa za a biya wajen sayen fistin da ringi. Haka kuma wanda ya kai babur daga Ikko da ke bakin teku zuwa Jos, mai tudun mita 1,200 ko fiye, ya ga yana ɗan baƙin hayaƙi, wannan sirancin iskar tudu ne, maganinsa a jet yake, fulot ba shi da laifi.

Bari mu rufe da ɗan lissafi. A ɗauka ɗan acaɓa yana tafiyar kilomita 120 a rana, babur ɗinsa kuma yana cin kilomita 40 da lita ɗaya, watau lita 3 ke nan. In fulot ya kauce har abin ya koma kilomita 30, zai sha lita 4. Lita 1 ke nan a kowace rana, lita 30 a wata, lita 360 a shekara. Kowa ya buga wannan da kuɗin lita a garinsu, ya kwatanta da kuɗin allura guda da ladan bakanike na aikin da bai fi sa'a ɗaya ba.

Shawararmu ga masu babura ita ce su riƙa rufe famfon mai duk lokacin da suka ajiye babur, su tsiyaye kofi in zai daɗe ba a hau ba, su kuma tsaya a kan bakanike su ga ya ɗauko rula kafin ya taɓa harshen fulot. Ga makanikai kuwa, musamman masu yara 'yan koyo a hannunsu, lalle ne su koya musu awo tun da wuri, domin ƙiyasin ido ba ya raba milimita 24 da 26. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a sana'a.